Wa Ya Yanka?

Ƙamshin miya ne ya tari Scholastica tun daga bakin ƙofar gida, kuma maimakon ya faranta mata rai sai gabanta ya faɗi. Ranar Kirsimeti ce, daga coci take, zanin zumuntar mata a jikinta, gwiwarta ta dama tana yi mata zugin da ta saba. Da safe ta bar tukwanenta a kife, zakarunta suna cikin akurki suna jiran Malam Haruna, mai yankan kaji na kasuwar Narayi, wanda yake zagayo gidanta kowace shekara da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Yanzu ga gashin kaji an tara a gefen rijiya, ga surukarta Lizzy tana juya miya tana murmushi.

"Mummy, yau hutu za ki yi," in ji ɗanta Derrick, ya karɓi jakarta. Shekaranjiya suka iso daga Abuja shi da matarsa. "Mun gama komai. Jolof ma ya kusa tsotsewa."

"Malam Haruna ya zo ke nan?"

"Bai zo ba. An ce an yi masa rasuwa, ya tafi Zariya. Ni na yanka."

Ya faɗe shi da alfahari, kamar yaron da ya ciyo jarrabawa. Scholastica ta nemi kujera ta zauna.

Duk Narayi an san Maman Derrick da abu biyu, iya miya da taurin kai, kuma mijinta Baba Shekari yakan ce na biyun ya fi na farkon yawa. Amma abin da ya zaunar da ita a kan kujerar nan ya girmi Narayi. Can baya, lokacin da masaƙa ke aiki, a Makera suke zaune, gida ɗaya da wata Bakatsiniya mai suna Dije. Mazajensu sashe ɗaya suke a masaƙa, su kuma madafi ɗaya suke girki. Dije ce ta yi mata wankan jego da ta haifi Derrick, ita kuma ta goya Dalhatu ɗan Dije har bayanta ya san nauyinsa. Da garin ya yamutse da rikicin addini, kowa ya kwashi kayansa ya nufi inda nasa suka fi yawa, sai su Scholastica suka dawo Narayi. Abu ɗaya ne bai yanke ba: kowace Sallah naman Dije yana zuwa Narayi, kowace Kirsimeti kular abincin Scholastica tana zuwa Makera. Tun shekarar farko Scholastica ta ce mata, "Musulmi zan riƙa kira ya yanka, ki ci hankalinki kwance." Dije ta ce to. Daga ranar ba ta sake tambaya ba, ko sau ɗaya.

Bara ne aka so a ɓata abin. Scholastica ta kai abinci, ta fito za ta tafi, ta tsaya a zaure tana gyara takalmi, sai ta ji muryar Dalhatu daga ciki. Ya girma, ya zama tela mai shagon kansa, ga gemu ga tsantseni, kuma rabonsa da sa hannu a kularta har ta manta.

"Inna, kin gani da idonki wanda ya yanka?"

Dije, wadda yanar ido ta kusa rufe mata gani, ta yi dariya. "Da wane idon? Ba sai na gani ba, Dalhatu. Na san halinta."

Maganar nan ta yi wa Scholastica daɗi, ta kuma yi mata nauyi. Shekara guda tana ɗauke da ita a ranta.

Yanzu ga Derrick tsaye a gabanta, ya fara gane ya yi ɓarna, ya shiga kare kansa da bakin da aka biya masa kuɗin makaranta ya koyo.

"Mummy, ai ba mushe ba ne. Na yanka da kyau, jini ya fita. Abokaina Musulmi a ofis suna cin yankanmu, sun ce littafinsu ma ya yarda. Ki tambayi kowa."

"Ban san littafinsu ba," in ji ta. "Na dai san abin da Dije take zato idan ta sa hannu a kwanona."

"To wa zai gaya mata? Kaza ce za ta yi magana?"

Baba Shekari yana ƙarƙashin mangwaro da rediyonsa, ya riga ya karɓi cinya ɗaya da sunan ɗanɗano. Ya ce, "Maman Derrick, bar wahalar da kanki. Shekara nawa kina yi daidai? Sau ɗaya ba zai kashe kowa ba. In kuma ranki bai kwanta ba, ki bari sai baɗi."

Wannan ɗin ma ta auna shi. In ba ta kai komai ba, Dije za ta wuni tana sauraren sallama a ƙofa, Dalhatu kuma zai samu abin da yake so ba tare da ya buɗe baki ba. Tsofaffi biyu ne, kowace da ciwonta. Zumuncin da ya tsallake shekara ɗaya a waɗannan shekarun nasu, ba lalle ya sake tashi ba. Ta dubi Lizzy, yarinyar ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko. Tun da aka tafi coci take a bakin murhu don ta burge uwar mijinta, har da romon kajin ta dafa jolof ɗin, ba abin da ya tsira.

Gaskiya ita ce Scholastica ta tashi ta ɗauko kular. Ta wanke ta, ta zuba jolof, ta zaɓi tsoka masu laushi saboda haƙoran Dije, ta rufe, ta ɗaure da ɗankwali kamar yadda take yi kullum. Tana yi tana gaya wa kanta cewa ba ƙarya za ta yi ba, tunda ba wanda zai tambaye ta. Har ta kai bakin ƙofa da wannan hujjar. A nan hujjar ta juye mata: ba za a tambaye ta ba ne saboda an yarda da ita, ita kuma da wannan yardar take shirin wucewa. Ta hango Dije tana lalubar nama da yatsunta, ta kai baki, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Sikola." Kunya ta kama ta a tsaye, ita kaɗai, ba mai kallonta.

Ta juyo ta ajiye kular a gaban Lizzy. "'Yata, miyarki ta yi daɗi, tun daga waje na ji. Kai wa maƙwabciyarmu Maman Benson wannan, ki ce ina yi mata barka da Kirsimeti. Ki auno mini ɗanyar shinkafa, ki haɗo da tumatir da attarugu da albasa, da cincin ɗin nan."

Sannan ta nufi bayan ɗaki.

Zakara ɗaya ne ya rage a gidan, wani ja mai dogon wuya, na Baba Shekari. Manaja yake kiransa, wai don ba ya aikin komai sai taƙama da tsawa, irin wani shugabansu na masaƙa. Shi kam Derrick bai taɓa shi ba, ya san halin ubansa. Da Baba Shekari ya ji kuwwar zakaran sai ga shi ya taso, rediyo a hannu.

"Ina za ki kai mini Manaja?"

"Makera."

"Da ransa?"

"Da ransa. Ɗanka ya yanka nawa, ni kuma na ɗauki na ubansa."

Baba Shekari ya dubi fuskarta, ya haƙura. Ya zauna da matar nan tsawon da ya isa ya san inda magana take ƙarewa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne a ɗaure ƙafafun da kyau, Manaja yana da mugun farce. Derrick ya ce bari ya kai ta a mota, ta ce ya zauna ya ci yankansa.

Haka ta shiga keken haya mai ƙafa uku, mace mai jikoki, cikin zanin coci da gwaggwaro, zakara a hammata, ledar kayan miya a cinya. A Barnawa wasu 'yan mata da suka ci ado suka shigo, ɗaya ta ce, "Mama, shi ma yawon Kirsimeti za shi?" Aka yi dariya har da mai keken. Manaja ya rama wa kansa, ya yi mata kashi a kan sabon zani. Ta goge da ganyen albasa, tana jin haushin Derrick, da na Malam Haruna da bai aiko ba, da na kanta da ta kusa kai waccan kular.

Ta sami Dije a tsakar gida a kan tabarma, fuskarta tana kallon ƙofa. Dalhatu yana gefe yana wanke babur.

"Sikola ce? Na ce ko gwiwar ce ta hana ki." Dije ta karkata kunne. "Me nake ji haka kamar kaza?"

Scholastica ta zauna da ƙyar. Ta so a ce Dalhatu ba ya nan, amma yana nan, ya ma daina wankin yana saurare. Ta faɗi abin kamar yadda yake, ba ta rage ba: Malam Haruna bai zo ba, Derrick ne ya yanka, an dafa, ita kuma har ta zuba a kula ta ɗaure ta kai bakin ƙofa kafin ta fasa.

Wannan na ƙarshen ba dole ba ne ta faɗa, ita ma ta sani. Amma tunda ta fara sai ta ga gara ta sauke duka.

Dije ta laluba ta kama hannunta ta riƙe. Dalhatu ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Mama, ai da kin kawo haka nan ba wanda zai sani."

"Haka Derrick ya ce. Da uwarka ta ci, ta sa mini albarka. Ina zan kai albarkar?" Ta miƙa masa zakaran. "Karɓi, Dalhatu. Ka yanka mana, hannuna ya gaji."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya wasa wuƙa a bakin rijiya, ya ba zakaran ruwa, ya fuskanci alƙibla, ya taka fukafukai, ya ambaci sunan Allah. Haka Manaja ya gama aikinsa na duniya a Makera, unguwar da mai sunansa ya taɓa yin mulki.

Matar Dalhatu ta ɗora ruwan zafi, ta ce ita za ta yi girkin, Scholastica ta ce a'a, abincin Kirsimeti nata ne. Ta cire gwaggwaro, ta ɗaura tsohon zanin Dije a kan nata, ta zauna a bakin murhu. Dije daga tabarma tana ba da umarni kamar tana gani, wai gishiri ya yi yawa tun ba a zuba ba. Suka tuna masaƙa, da jiniyar tashi daga aiki, da mazajensu suna dawowa da auduga a gashin kai, da ranar da akuyar maigidan haya ta cinye musu kwanon wake suka yi kwana biyu kowace tana zargin 'yar'uwarta. Suka tuna mijin Dije da ya rasu. Scholastica ta lura rabon da su yi girki a murhu ɗaya tun kafin su rabu, kuma ta ji daɗin da ba ta ji ba ko a coci da safe.

La'asar ta yi kafin a sauke. Ta zuba wa Dije nata, ta yayyaga mata naman ƙanana. Ta zuba wani kwanon ta tura gefen Dalhatu don al'ada kawai, kamar yadda take yi duk shekara ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Yau sai ya jawo kwanon, ya wanke hannu.

A daidai nan 'yarsa Ummi ta shigo daga gidan maƙwabta. Ta gaida baƙuwa, ta ga kaza, ta ga uban yana shirin ci. Ta matsa kusa da shi ta yi tambayar da shi da kansa ya koya mata, a cikin raɗar yara da kowa ke ji.

"Abba, abincin Kirsimeti ne fa. Wa ya yanka?"

Amsar tana da sauƙi, wuƙar ma tana nan a bakin rijiya ba ta gama bushewa ba. Scholastica ta jira ya ce shi ne. Dalhatu ya dubi 'yarsa, ya dubi tsohuwar da ta goya shi, zaninta duk toka da tabon zakara.

"Mama ce ta kawo," ya ce. "Abin da Mama ta kawo ba a tambaya. Je ki wanke hannu."

Dije ba ta ɗago ba, tana ta lalubar namanta. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Sikola."

Scholastica ta amsa da amin, da ƙarfi.