Karfasar da Ta Rufe Baki

"Kwana tara ke nan, Injiniya. Ko mutum ne ya kwana tara bai ci ba, ai an fara kiran dangi."

Inna ce ke magana, tana tsaye a baranda da kwando a hannu. Kaskon suya na can kicin, ta riga ta zuba mai. Shi kuwa ya tare gaban durom da jikinsa, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai taɓa kifin nan.

Ba injiniya ba ne, gyaran famfo yake yi. Inna ce ta laƙaba masa sunan ranar da ya kwance mata igiyar shanya, ya kafa shuɗin durom da kwatamin shuka biyu cike da tsakuwa. Karfasa goma sha biyu a durom. Ƙaramin inji na tura ruwansu sama zuwa kwatamin, latas da tumatir da na'ana'a da ke ciki su shanye kashin kifin, ruwan ya gangaro musu tas. Wata bakwai Inna na mitar igiyarta, wata bakwai kuma tana tsinkar latas ɗin.

Wadda ake rigima a kanta ita ce babbar cikinsu. Ita ya fara saya, ya rungumo ta a leda cikin motar haya. A yatsunsa take karɓar abinci. Yanzu ta koma lungu bayan bututu, ta tsuke baki, maƙogwaronta ya kumbura. Auta, ƙanwarsa, ta sa mata suna Mai Fushi.

Ba abin da bai yi ba. Ya rage ruwa ya ƙara sabo. Ya wanke matatar ruwa. Ya canza abinci. Har magana ya yi mata ran da ba kowa a gidan. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Inna ta ce lissafin a fili yake. In ta mutu a ciki ruwa ya ɓaci, sauran su bi ta, latas ya bi su, ita kuma ta mayar da igiyarta. Gara a soye ta tun tana da rai, a huta. Auta, da ke zaune kan bokiti tana cin ɗanyen tumatir, ta ce ita dai kan kifin take so.

Ya harare ta. Ya dubi Inna. Abin haushin shi ne Inna ta fi shi gaskiya, kuma ya sani.

"To ni zan kama ta," ya ce. "Ba da wannan kwandon ba."

Ya ɗebi ruwan durom a farin baho, ya ɗauko raga. Sau biyu tana zille masa, a na uku ta shiga. Ya sauke ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya kau da kai.

Auta ce ta fara cewa kifin na amai.

Ya juyo. Mai Fushi ta wage baki, wasu baƙaƙen abubuwa na fitowa kamar an watsa ganyen shayi. Ya ce shi ke nan, tsutsa ce ta cinye mata ciki. Ya tsuguna. Tsutsar na da ido. Biyu-biyu, manya, sun fi jikin girma. Tsutsar na da jela. Tsutsar kuma iyo take yi.

Bahon ya cika da su, ita kuma ba ta daina ba. Ta sake buɗe baki, wasu suka sake fitowa.

Dariya ce ta kubce masa, irin wadda bai san yana da ita ba. Ya zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti, ya miƙe, ya sake zama. Auta ta fara ƙirga, ta kai arba'in, suka cakuɗe, ta koma ɗaya. Ya rungumi durom. Ya sumbaci ganyen latas. Ya ɗaga Auta sama da tumatirinta, ya dire ta, ya zagaya baranda sau biyu da raga a kai kamar hula.

Inuwarsa ta gifta kan bahon. Nan take ƙananan suka yi wa uwar ca, suna rige-rigen komawa cikin bakinta, ita kuma tana zuƙe su. Kafin ya ce wani abu ta rufe baki, ta koma Mai Fushinta.

Inna ta ajiye kwando.

"Matsa can, sakarai, kana tsorata ta. Baiwar Allah na goyo a baki, kai kana mata tsalle a ka."

Ya tuna mata waye ya ɗora mai a wuta. Ta ce ita ba ta san zancen ba. Sai a lokacin ƙauri ya iso baranda, Auta ta kwasa a guje ta kashe wutar.

Inna ta ja kujera ta zauna gaban bahon. Ta ce lokacin da take da cikinsa sau biyar take ci a rana, kuma shi kaɗai ne, ga shi ma bai fito da wayo ba. Wannan kuwa ta riƙe ɗari da wani abu kwana tara, ba ta haɗiye ko ɗaya ba. Ta ce a kawo mata laima a kare rana. Ta ce kowa ya rage murya.

Shi dai kansa ya riga ya tafi. Ba za a mayar da su durom ba, manyan za su cinye su. Sai wani mazubi. In sun girma kuma, kwatami biyu ba za su iya da kashinsu ba, sai shida, sai takwas. Ya auna baranda da taku. Ya auna bangon kicin. Ya leƙa tagar ɗakin Inna, inda rana ke faɗawa da safe, ya yi murmushi.

Inna ta ce ya cire idonsa daga tagarta. Sannan ta aiki Auta ta kwaso babbar tukunya, da robar wanki, da kular da ba a taɓa buɗewa ba tun da aka saye ta. Da kanta ta ɗauraye su, ba sabulu, don ya taɓa gaya mata sabulu na kashe kifi. Ashe tana ji.

Ya ɗebi abinci ya watsa wa na cikin durom, yana waƙar da ba ta da kai. Ruwa ya tafasa da bakuna. Auta ta leƙo ta ƙarƙashin hannunsa tana ƙirga masu ci. Takwas. Ta sake ƙirgawa. Takwas.

Can ƙasa, bayan bututu, uku sun jeru. Baki a tsuke, maƙogwaro a kumbure.

"Yaya," ta ce, "su kuma waɗancan, yaushe rabonsu da abinci?"