Danjar Da Ta Daina Mutuwa

Mai Tsani yana can sama, ya buɗe murfin danja yana murɗa ƙwai, sai ga motar ofis ta tsaya a gindin tsaninsa. Injiniya ya leƙo da kai ta taga.

"Sauko, Baba! Bar ƙwan nan. Yau za mu raba ka da wahala."

Shi dai Mai Tsani aikinsa ke nan, canza ƙwan fitilun ba da hannu. Furfura ta gama kama shi, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Ita kuwa wannan danjar, kanta ya yi daidai da tagar wani bene inda wata mai ɗinki, bazawara, take da shago. To, duk danjojin garin lafiyarsu lau, ban da wannan. Mako ba ya zagayowa sai ƙwanta ya ɗauke.

Kowa a layin ya san ciwon. Idan Baba ya gama gyara, ya gama hirarsa ta taga, ya sha ruwan sanyin da ake miƙo masa, kafin ya rufe murfi sai ya ɗan sassauta ƙwan tsakiya, mai ruwan ɗorawa, wanda dama babu direban da ya san amfaninsa. Manyan motoci su yi ta girgiza ƙarfen, kwana kaɗan ƙwai ya yi shiru. Mai faci ya sani, masu kanti sun sani. Direbobi ne kawai ba su sani ba, suna ta zagin hukuma, baiwar Allah.

Hirar kuwa me ake cewa? Tsadar zare, ciwon gwiwa, zafin rana. Shekara da shekaru ke nan. Mutum ya iya hawa sama a tsakiyar motoci, amma matattakalar bene ta gagare shi.

Baba ya sauko yana goge hannu. Injiniya ya buɗe bayan mota, ya nuna masa wani baƙin akwati mai ƙyalli.

"Ka ga sababbin fitilun da muke jira. Ba sa cin wuta, ba sa zafi, babu ƙwan da za a murɗa. Duk garin nan kuma babu danjar da ta kai taka cin ƙwai da jawo mana ƙorafi, shi ya sa muka ce da ita za a fara."

"Da tawa, Yallaɓai?"

"Ai ka sha wuya a kanta. Wannan sai ta shekara goma ba a taɓa ta ba."

"Goma?"

"Ko fiye. Kai kuma an tausaya wa gwiwarka. Daga gobe kana sito, a zaune, ga fanka."

Mai faci, da ke zaune a bakin titi da taya tsakanin ƙafafunsa, ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Da hannunsa aka sa Baba ya ɗaura sabuwar danjar. Ya hau, ya cire tsohuwar, ya kafa sabuwar. Ya shafa gefenta, ya shafa bayanta, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai wani abin sassautawa. Ina! An liƙe ta ruf, ko farce ba ya shiga.

Keken ɗinki ya tsaya. Mai ɗinki ta ɗaga labule.

"Malam, sannu da aiki. Yau kuma wace iri ce wannan?"

"Sabuwa ce, Hajiya. Wai ba ta mutuwa."

"To, madalla. Direbobi sun huta."

Tun yana hawa ya shirya maganar da zai faɗa, ya jera ta tsaf. Ya buɗe baki, ya gyara murya.

"Hajiya, dama ina so in ce..."

"Ina jin ka."

"Ba ta cin wuta ko kaɗan."

"Allah Sarki," in ji ta, ta koma kan kekenta. Keken ya yi ta gudu kamar ana korar sa, amma Baba ya lura babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Aka kunna. Kore ya fito tar, da tsakar rana ma har yana kashe ido. Injiniya ya ɗauki hoto, ya gaisa da Baba hannu bibbiyu, aka naɗe tsani aka ɗora a mota, tunda kayan ofis ne. Mota ta wuce, ta bar shi a tsaye.

"Baba," in ji mai faci, "yanzu da wane suna za mu riƙa kiran ka?"

"Kula da tayarka, marar kunya."

Ya juya zai tafi ke nan, sai murya ta sauko daga sama.

"Malam! Ƙwan shagona ya mutu, ga ɗinkin mutane jibge."

Ya ɗaga kai. "An tafi da tsanin, Hajiya."

"Ai gidan yana da ƙofa."

Haka ya hau, yana dafe da bango, gwiwa tana ƙara. Masu kanti duk suka fito shan iska a lokaci ɗaya. Shagon ashe ya fi yadda ake hango shi ta taga girma. Ta tura masa kujerar katako ba tare da ta dube shi ba, wai tana neman almakashi, alhali yana hannunta.

Ya taka kujera, ya kama ƙwan. Da ɗuminsa. Murɗawa ɗaya, haske ya cika ɗakin. Ya tsaya yana kallon sa. Can sai ya ɗan mayar da shi baya, kaɗan dai, yadda hannunsa ya saba.

"Hajiya, wannan ƙwan sai an riƙa duba shi."

"Ni ma haka na yi zato. Duk mako?"

"Wayar ta tsufa. Ina ga kullum."

Ta ajiye almakashin. "To, wannan ya fi ƙarfina. Sai ka je ka gaya wa yayana, shi ne mai gidan. Kuma ka sa riga mai kyau, ba wannan ta ofis ba."

A waje danja ta yi ja, ta yi kore, lafiyarta lau. Duk layin babu mai kallon ta, idanu suna kan tagar bene.