Mai Tsaron Bayan Kofur

Kofur ya murɗa ƙugunsa zuwa dama, ya miƙa ƙwallon ba tare da ya waiwaya ba, hannun Dogo ya karɓe ta. Haka ake wannan motsa jikin: mutum biyu su tsaya baya da baya, kafaɗa na taɓa kafaɗa, ƙwallo ta yi ta zagaya su. A ɗakin motsa jiki na asibitin tsofaffin sojoji babu abin da ya kai shi sauƙi a ido, babu kuma wanda aka sha wuya kafin a shawo kan mutane su yi kamarsa. Tsohon soja ya yarda ya ɗaga ƙarfe har ƙashinsa ya yi ƙara, amma ka ce wani zai tsaya masa a ƙeya, ranar za ka ji tarihin kakanninka.

"A saki gwiwa, iyayena!" in ji budurwar da ke horar da su, wadda suka laƙaba wa suna Kwamanda. "Saje, ƙwallo na ce ka miƙa, ba tumbi ba."

"Ranki ya daɗe, tumbin ne ya riga ta isa," Saje ya amsa, ɗakin ya ɗauki dariya.

Cikin dariyar nan Dogo ya yi magana ƙasa-ƙasa, Kofur ya ji muryar tana ratsa ƙashin bayansa kafin ta iso kunnensa.

"Yau 'yata za ta tafi da ni. Ta riga ta ɗaure kaya."

Ƙwallon ta zo ta hagu, Kofur bai karɓa ba. Ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin benci.

"Ka rasa lokacin faɗa mini sai yanzu?"

"Na kasa faɗa ina kallon idonka."

Su biyun rami ɗaya suka kwana a fagen daga, ɗaya na duban gabas, ɗaya yamma. Yaƙin ya ƙare tun gashinsu yana baƙi, amma ba a sanar da jikin Kofur ba. A mota kujerar ƙarshe yake nema, a kasuwa jikin bango yake bi. Ya yi shekaru a ɗaki, ƙofa a gabansa, har Dogo ya zo ya jawo shi nan da zagi da lallashi. A duk faɗin duniya mutum ɗaya ne zai tsaya a bayansa zuciyarsa ta ci gaba da bugawa irin ta mutane. Saboda shi yake iya fitowa, saboda shi ya san dariyar Saje da tsegumin Kuku, tsohon mai dafa wa bataliya abinci.

Ashe Kwamanda ta san zancen. Ta ɗauko ƙwallon, ta tsaya a gaban Kofur.

"Baba, mu gwada da Saje tun Baba Dogo yana nan. Kaɗan kawai. Idan ka ji ba daɗi, ka ɗaga hannu."

"Ni ai katifa ce, Kofur," in ji Saje. "Jingina kawai za ka yi."

Kofur ya yarda don kunya. Dogo ya koma gabansa yana gyaɗa masa kai. Bayan Saje ya taɓa nasa, mai laushi, mai ɗumi, numfashinsa ba irin wanda ya sani ba. Gumi ya karyo masa. Ya san Saje ne, ya san ɗakin, yana ganin tabarmin roba da fankar da ke juyawa, amma sanin bai yi masa amfani ba. Bai ma tuna da ɗaga hannu ba. Sai ganin kansa ya yi a kusurwa, ya manna baya da bango, yana haki.

Babu wanda ya kalle shi. Wannan ita ce karamcin da suke yi wa juna a ɗakin nan: kowa ya san ranarsa tana zuwa. Kuku ya ajiye masa robar ruwa a ƙasa, ya tura da ƙafa, ya ci gaba da yi wa Saje tsiya.

Da aka tashi, Kofur ya bi Dogo gida. A cikin bas ya tsara jawabinsa tsaf, gaba da gaba kamar fareti. Suna isa ya ga motar ɗaukar kaya a ƙofar gida, katifa a ɗaure a sama, kujerar Dogo mai karyayyen hannu ta yi rigingine, jawabin ya watse.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji 'yar Dogo, ta rusuna. Idanunta sun yi ja, da gani ba ta yi barcin kirki ba.

"'Yata, ki bar mana shi. Ni zan riƙa zuwa kullum in duba shi."

"Baba, ranar da ya faɗi a banɗaki, tun safe yake kwance a siminti har rana ta take. Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofa. Ko kana nan, za ka iya ɗaga shi?"

Kofur ya dubi hannuwansa.

"A can garin naku akwai wurin motsa jiki?"

"Akwai. Na je na gani, har da injuna."

"Ba injuna nake tambaya ba. Wa zai tsaya masa a..."

"Na sani, Baba," ta katse shi a hankali. "A gidan nan na girma. Har yau ba na iya wucewa ta bayan mutum sai na yi gyaran murya. Na sani, wallahi. Amma aikina yana can, yarana suna can, uba kuma ɗaya gare ni. Ka faɗa mini yadda zan yi, in yi."

Da ta yi masa rashin kunya da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ya sami wanda zai yi fushi da shi.

Dogo ya fito da sandarsa da ledar magunguna. Bai yi wata doguwar sallama ba, soja ba ya iya ta.

"Ka koma jibi, ka ji ko? Saje ba shi da laifi, tumbi ne kawai."

"To."

"Kada ka ce mini to, ka je ka rufe kanka a ɗaki. Na san halinka."

"Na ce to."

Dukansu sun san abin da wannan to ɗin ke nufi. Aka taimaka wa Dogo ya shiga mota, direba ya tayar. Kofur ya tsaya yana kallon ƙeyar abokinsa ta gilashi, furfurar tana ƙanƙancewa, har motar ta sha kwana.

Sai a lokacin ya lura da titin. Tashar bas tana tsallake, tsakaninsa da ita fili ne fetal, babura na giftawa, 'yan makaranta sun taso, mutane ta ko'ina. Ɗazu da suka ratso shi Dogo na biye da shi, bai ma san titin yana da faɗi haka ba. Ya ja da baya har ya ji ƙarfen ƙofar gidan da aka kulle a kafaɗarsa. Bas ta zo ta wuce. Wata ta sake zuwa, kwandasta ya ɗaga masa hannu, ya girgiza kai.

Da ƙafafunsa suka fara gajiya, ya lalubo wayarsa ya kira matarsa.

"Kin gama aikin da kike yi?"

"Lafiya? Kana ina?"

"Ƙofar gidan Dogo. Ki zo ki tafi da ni."

Ya ji ta ajiye wani abu, ya ji ƙarar takalmanta.

"Ga ni nan zuwa. Kada ka motsa."

"Ba inda za ni," ya ce. "Idan kin iso, ki biyo ta gabana."