Fulatar Tamu Ce

Wallahi har yau in na tuna da Mahfuz sai raina ya ɓaci. Kujerar shugaban ƙungiyar ɗalibai tana tafin hannunsa, shi da bakinsa ya zubar da ita.

Ɗakinmu ɗaya a unguwar Mairi. Shi Bakano ne, karatu ya kawo shi Maiduguri. Ni kuwa Ba'ana, Babarbare ɗan unguwar Mafoni, ni ne daraktan kamfen ɗinsa. Na yi yawon ɗakunan kwanan ɗalibai har silifas ɗina ya tsinke, na haɗa masa kan 'yan'uwana Barebari. Mutum ɗaya ce ta tsaya masa a wuya: Rumaisa'u, wata Bafulatana mai karatun lauya.

Duk inda ta gifta sai yaranmu sun tsokane ta. "Fulata! Baiwarmu! Ina kika baro ƙwaryar nonon?" Ita ma ba ta raga musu. "Barebari, a gyara hula, uwar ɗakinku za ta wuce." Mahfuz na jin haka sai ya yi ta washe baki, wai ai an gama, mutanena ba sa son ta.

Na ce, "Kai, wasa ne tsakaninmu da Fulani tun kaka da kakanni. Kul ka sa baki."

Ya ce, "Haba Ba'ana, ni za ka koya wa siyasa? Daga Kano fa na zo."

To, madalla.

Ranar bayyana manufa ɗakin taro ya cika maƙil. Rumaisa'u ta hau, aka yi ta ihun "Baiwarmu!", ta ce bayi su yi shiru, aka yi dariya, ta yi maganarta kan ruwan famfo ta sauka. Sai gogan naka. Jawabin da muka sha wahalar shiryawa kan motar ɗalibai da wutar laburare, sai na ga ya naɗe ya cusa a aljihu. 

Ya ce, "Jama'a, wai Bafulatana ce za ta shugabance mu? Wadda ba ta san komai ba sai bin saniya? A ba ta sanda ta koma ruga!"

Har da buɗe hannuwa, yana jiran tafi. Tsit. Ba ka jin komai sai ƙarar fanka.

Sai Hashim ya miƙe, wani ƙaton Babarbare ɗan garin Dusuman, shi ne ma uban masu tsokanar tata. Ya ce, "Malam, dakata. Wa kake zagi?"

Mahfuz ya ce, "Ai ku ma yanzun nan kuka ce..."

"Mu muka ce. Fulatar tamu ce. Kakana ya tsokani kakanta, ya kuma sha fura a gidansu. Kai a wa?"

Ai kuwa wuri ya kaure. "Sai baiwarmu! Sai baiwarmu!" Rumaisa'u ta ɗan miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Na gode, bayina." Mahfuz ya riƙe makirfo yana ta "Wushe, wushe", iyakar Barbarcin da ya iya ke nan, har wani ya jefo masa ledar ruwa.

Washegari aka yi zaɓe, ta yi masa kayen da ko a kokawa ban taɓa gani ba. Da la'asar na same shi a ɗaki kwance ruf da ciki, abin tausayi.

Ya ce, "Mutanenka sun ci amanata, Ba'ana. Da ma kowa irinka ne."

Na hau gyaran zanen gado. Ya ɗago kai a hankali.

"Ba'ana. Ni ka zaɓa dai, ko?"

Na ce, "Mahfuz, kai abokina ne, ina ƙaunarka har ga Allah. Amma a gabana ka zagi Bafulatana. Da wane ido zan kalli kakata in ta ji na zaɓe ka?"