Mantau

Ranar da zan gaya wa Likita na bar aiki, tun a mota mijina ya sa ni ina maimaita abin da zan faɗa. Kar in ja zance, in ji shi, kar kuma in tsaya yi wa mutane kuka. In ce kawai kaina ba ya riƙe abu yanzu, gara in tafi da mutuncina kafin in makantar da ɗan wani. Na faɗa, ya gyara mini, na sake faɗa. Da ya ajiye ni a bakin ƙofa har da riƙe mini hannu, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Mantau."

Shi ya raɗa mini sunan nan. Da wasa ya fara, a gaban baƙi, ranar da na kawo shayi babu cokali. Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin in ankara ƙannensa sun ɗauka, maƙwabta sun ɗauka, har mahaifiyata in ta kira waya sai ta ce ina Mantau ɗin tata. Shi kuwa Na-Kowa ake ce masa, kuma wallahi sunan ya bi shi. Motoci yake sayarwa, bakinsa kamar an zuba zuma. In maƙwabci ya kwanta asibiti shi ne na farko a bakin gado, in an yi taro shi ke riƙe da lasifika. Mata har tare ni suke yi a hanya su ce in gode wa Allah.

Wurin aikin namu ƙaramin asibitin ido ne, ɗakuna uku a saman wani kantin magani. Ni ke buɗewa da safe, in yanki kati, in ɗiga wa mutane magani a ido, in miƙa wa Likita gilasan gwaji, in taya mutum zaɓen tabarau. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Nan ne kaɗai in na ce abu kaza ne, ake cewa to, a wuce.

Kar ku ɗauka sakarya ce ni. A gidanmu ni ce mai baki, babu wanda ke kayar da ni a gardama. Farkon aurenmu in ya ce ranar Lahadi ya ce mini za mu fita, alhali na ci kwalliya tun Asabar ina zaune kamar hoto, sai in tsaya kai da fata in ce Asabar ya ce. Ba ya ɗaga murya a irin wannan. Kallon tausayi zai yi mini, ya girgiza kai, ya tambaye ni ko ina samun barci kuwa. In kuma ya wanke ni tas a kicin, ya kira ni abin da ba zan iya maimaitawa ba, da safe sai ya zaro ido ya ce shi? Shi da ko ƙuda ba ya iya kashewa? Lallai mafarki na yi. Ya zan yi da mutumin da ke rantsuwa idonsa cike da ƙwalla? A ƙarshe ni ke ba da haƙuri.

Da Likita ta tura ni wani ɗan kwas na fito ta ɗaya, na dawo gida da rawar jiki. Ya dubi takardar ya ce madalla, daga nan ya ɗauke mini wuta. Sai da ya gaji don kansa ya ce wai na dizga shi a gaban abokansa, ina ta baza ilimi. Ban tuna na ce uffan a wurin ba, amma lokacin na riga na daina dogara da abin da na tuna.

Sai kuma makullin asibiti ya shiga ɓata. A ƙusa nake rataye shi bayan ƙofar ɗaki. In wayi gari babu, in birkice gidan ina gumi, in makara. Can sai ya fito da shi daga firiji, ko daga cikin takalmina, ya ɗaga shi sama bai ce komai ba. Rannan ya ce na bar gas a kunne, saura ƙiris mu ƙone. Ƙawayena kuwa ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kawo mini abin da suka ce a kaina, kullum da cewa bai so ya gaya mini ba. Na daina kiransu, su ma suka gaji suka daina. Na koma in dawo daga aiki in zauna a falo ina jin ƙarar firiji, ina lissafin abin da wataƙila na manta. Tsoro nake ji, tsoron kaina. Shi ya sa da ya ce in bar aikin, har godiya na yi masa.

To, ranar nan tun da na buɗe mutane suka cika benci. Na ce wa Likita ina da magana, ta ce in bari sai mun sarara. Likita dattijuwa ce, gajera, mai faɗa kamar me, amma ba ta taɓa sallamar mutum bai gamsu ba.

Wajen tsakar rana wata mata ta shigo da mijinta. Shi ya riƙo mata jaka, shi ya gaishe da kowa a benci, har ya tsokani wani tsoho aka yi dariya. Shi ya gaya mini sunanta da shekarunta da abin da ke damun ta. Ita tana tsaye a bayansa tana murmushi. Na ce a raina, ga wata mai sa'ar irina.

Yadda ake gwajin shi ne, a zaunar da mutum a kujera, a ɗora masa wani tabarau mai nauyi wanda ake zura gilashi a cire, ya dubi allon haruffa a bango. Likita ta sa gilashi ta canza, ta tambaya wanne ya fi, na farko ko na biyu. Babu injin da zai amsa wannan, sai mai idon. Ni kuma ina gefe da tiren gilasai ina miƙawa.

Likita ta tambayi matar. Ta buɗe baki ta ce na biyu, a hankali. Mijin ya yi dariya daga inda yake jingine, ya ce na farko dai, ai ya ga yadda ta ƙanƙance ido a na biyun. Haka take a gida, in ji shi, ba ta san abin da take so ba, sai an taya ta. Matar ta yi maza ta ce eh, na farkon ne, ita ce ta rikice.

Likita ta sauke hannu ta dube shi ta saman tabaranta.

"Malam, idonka ne ko nata? In naka ne, je ka yanki kati ka bi layi."

Ya fita yana dariya, wai Likita ba ta da dama. Na rufe ƙofa. Na zaci shi ke nan, yanzu aiki zai tafi. Ina! Matar nan ta kasa. A tambaye ta, ta juya ta kalli ƙofa. A sake tambaya, ta ce duk wanda Likita ta ga ya dace. Ta ce ita ba a biye mata, takan ga abu ba daidai ba, kowa ya sani.

Likita ba ta yi mata faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce ba sauri muke ba, ta faɗi abin da ta gani ko da kuskure ne, babu mai cin ta tara. Sai ta yi wata dabara da takan yi wa masu kokwanto. Gilasan nan biyu dai ta riƙa juyawa, wani lokaci ta fara da wannan, wani lokaci da wancan, ta sa wasu a tsakani, ba tare da ta faɗa ba. Matar tana amsawa da ƙyar, kamar ana cire mata haƙori. Ni da ke miƙawa ina gani, duk ta inda aka ɓullo, gilashi ɗaya take zaɓa, wanda ta zaɓa tun farko.

Da aka gama Likita ta gaya mata abin da ta yi.

"Na yi ta juya miki su don in rikita ki, kin ƙi rikicewa. Idonki ya san abin da yake gani, 'yata. Wanda ya rikice ba ya haka."

Hawayen matar kawai na ga yana bin ƙarƙashin tabaran gwajin, har ya jiƙa gilashin. Na cire mata, na juya baya ina gogewa, kuma na daɗe ina gogewa.

Tiren da ke gabana gilasai ne birjik, kowanne da lambarsa da gurbinsa. Tun safe nake zarowa ina mayarwa, ban saka ko ɗaya a gurbin wani ba. Na san tsohon da ke benci ba a ɗiga masa maganin nan mai jan murfi. Na san wadda za ta dawo karɓar tabarau ran Laraba da launin da ta zaɓa. Shekara da shekaru a ɗakin nan ko allura ban taɓa ɓatarwa ba. To wace irin mantuwa ce wannan da take jira sai na isa gida? Wace irin cuta ce ba ta tashi sai a gaban mutum ɗaya? Kuma a duk ɓatan da makullin nan ya yi, ban taɓa gano shi da kaina ba ko sau ɗaya. Kullum shi ke ganowa, kuma bai taɓa nema ba, kai tsaye yake zuwa inda yake.

Na raka matar waje. Mijin ya tashi da fara'a, ya zaɓa mata tabarau da kansa, ta ce ya yi kyau. Na so in ce mata wani abu, ko in matsa mata hannu. Ban yi ba. Me zan ce, ni da ban gama gaya wa kaina ba? Ta yi mini godiya idonta a ƙasa, suka sauka, ina jin muryarsa a matakala yana tambayar ta me ta ce a ciki.

Da muka sarara Likita ta tuna mini maganar da na ce ina da ita. Maimakon abin da na haddace, sai na ji bakina yana tambayar ta ko na taɓa yi mata kuskure a aiki. Ta ce ƙwarai, kullum sai na cika mata sukari a shayi. Sannan ta dube ni da kyau ta ce, tunda na tambaya, kwanakin baya maigidana ya kira ta, cikin ladabi sosai, ya roƙe ta ta riƙa sa mini ido don ba ni da lafiya, kar kuma ta gaya mini. Ta ce masa ita ido take dubawa, kuma nata biyun ba su nuna mata komai ba. Na ce mata ba ni da wata magana, ta ce to in je in ci abinci.

Da yamma mijina ya zo ya ɗauke ni. Bai tambaya a mota ba, sai da muka shiga gida ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce yaya Likita ta karɓi maganar. Na ce ban faɗa ba, kuma ba zan bar aikin ba.

Na zaci zai yi tsawa. Sai ya ware ido, ya sassauta murya.

"Wa ya ce ki bar aiki? Ni da kullum nake ƙarfafa miki gwiwa? Ke kika zo kina kuka kika ce kin gaji."

Wallahi saura kaɗan. Na ji abin nan da na saba ji ya taso, kamar ƙasa tana zamewa a ƙarƙashina, har na fara tambayar kaina ko dai ni ce. Na kama bayan kujera na riƙe.

"Kai ka ce. Yau da safe a mota ka sa ni na maimaita. Kuma ka kira Likita."

Ya daɗe yana kallo na. Fuskar da na gani ban taɓa ganin ta a gaban baƙi ba, babu tausayi a cikinta, babu ko fushi, lissafi kawai. Sai ya ɗauki waya ya kira mahaifiyata, ya buɗe murya yadda zan ji. Ya gaishe ta har da rusunawa kamar tana ganin sa. Ya ce ba ya son tayar mata da hankali, amma abin ya dawo, yau har ina ƙirƙirar maganganu ina jingina masa. Muryarsa har rawa take.

Na matsa kusa na ce, "Mama, lafiyata ƙalau. Ki saurare ni."

Na ji numfashinta, na ji rediyonta a can ciki. Matar da ta haife ni, wadda ta san ni tun ina mai bakin nan.

"Ka yi haƙuri da ita, ɗana," ta ce. "Allah ya saka maka."

Ya kashe wayar, ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Na san shirun da zai biyo baya, na san zai yi tsawo. Na zauna a falo har hasken taga ya fara ja. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yammacin nan ba. A da ko banza ina da abokin ra'ayi, ni da shi da kowa mun taru a kan cewa ni ce matsalar. Yanzu na fita daga cikinsu, kuma babu wanda ya biyo ni. Na yi kuka sosai, na share fuskata, ban je na ƙwanƙwasa masa don ba da haƙuri ba.

Washegari bai fito ya kai ni ba. Na taka har bakin titi na hau motar haya, ni na buɗe asibitin.