Ƙyauren Ɗakin Baffa

"Tsohon ƙyauren nan nake nema, na katako, mai baƙin mariƙi," in ji Ɗan Birni daga bakin ƙofarmu. "Ko kun san wanda ya ɗauka?"

Maigidana ya sosa ƙeya. "Kai, da wuya ka same shi. Ranar da aka rushe katanga ai kowa ya yi ta ɗiba."

Ina tsugune ina wanke-wanke, ga ƙyauren nan a bayana yana tare mana awaki. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ɗan Birni shi ne baƙon da ya sayi gidan maƙwabcinmu Baffa. Tsufa ya cinye wa Baffa ido, 'ya'yansa suka sayar da gidan, suka mayar da shi wurin ƙanwarsa a ƙarshen layi. Da aka fara gyara muka zuba wa baƙon ido muna gulma, wai zai shimfiɗa tayil a inda kaji ke kwana. Sai dai gulmar ba ta hana hannu aiki ba. Wani ya ja azara, wata ta mirgina randa. Nawa gwanin ya shigo da ƙyaure, yana cewa ai shara ce.

Da ciwo ya kwantar da Baffa, ya ce a kai shi ɗakinsa ya cika a can. Ɗan Birni bai yi musu ba. Ya riga ya yi wa ɗakin fenti da sabuwar ƙofar ƙarfe, ya ƙara da katifa. Amma tun da aka kwantar da tsohon ya ƙi ko ruwa.

"Ku daina yi mini wayo," yake ta cewa. "Ƙofar ɗakina kuka take yi. Ku kai ni gida."

Abin da ya kawo baƙon neman ƙyauren ke nan. Yana barin ƙofarmu na miƙe.

"Baban yara, ka kai masa."

"Bari duhu ya yi in jingine shi a bangonsu, ba wanda zai sani."

"Baffan ne ya ce maka zai jira duhu?"

Ya harare ni, ya harari awakin, sannan ya sunkuya ya kwance igiya.

Da rana tsaka ya ɗauko shi a ka, ina biye da shi. Awaki sun gwaigwaye gindin ƙyauren, ga kashinsu ya bushe a jiki. Muka ratsa mazan layi suna zaune a gindin bishiya, duk suka kawar da kai, don kowa ya san abin da ke jingine a bayan ɗakinsa.

Ɗan Birni ya taimaka aka sauke. "Sannu da ƙoƙari, an gode," ya ce. Da zagi ya yi mana da ya fi mini sauƙi.

Kafinta ya cire ƙofar ƙarfen ya rataya tsohon ƙyauren. Da na tura zan shiga da ruwa, sai ya yi wannan doguwar ƙara tasa.

Baffa ya juyo da kai. "Yauwa," ya ce. Ya karɓi kofin ya sha sosai, sannan ya shaƙi iska. "Wa ya bar awaki suka shigo mini ɗaki?"

Maigidana ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, Baffa," na ce. "Yanzu zan kore su."

"Ki ja mini ƙofar."

Na ja masa. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan an share makoki sai ga leburori sun kawo ƙofar ƙarfen gidanmu, wai in ji Ɗan Birni, kada awakinmu su riƙa kwana a buɗe. Tana nan jingine da katanga inda suka ajiye ta, ledarta ma ba a ɓare ba. In rana ta take, awakin kan kwanta a inuwarta.