Ummulkhairi, Ɗiyar Wa?

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, har sabulu da madarar gwangwani suka ɓace daga kantuna, aka turo Ummulkhairi aikin rigakafin ƙyanda a ƙasar Shagari. Haifaffiyar Bodinga ce, amma tun tana shekara huɗu kawunta, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ɗauke ta zuwa Kaduna. Can ta girma, can ta koyi aikin jinya, Hausarta ma ta can ce.

Motar asibiti ta yi wata biyu a kafe don babu taya, sai ta hau bayan akori-kura zuwa Dandin Mahe, tana rungume da akwatin ƙanƙara mai maganin allura. Ta tarar mata sun taru da 'ya'yansu a tsakar gidan mai gari. Ta gyara fararen kayanta ta ce, "Sunana Ummulkhairi Abdullahi, jami'ar lafiya, mataki na shida."

Can sai Inna Tani, ungozomar garin, wadda kusan duk yaran nan a hannunta suka faɗo, ta muskuta ta ce, "Mun jiya. To, ke ɗiyar wa ta?"

Ummulkhairi ta miƙa mata katin aiki. Tsohuwa ta riƙe shi a kife, ta dube shi da kyau. "Hoton ya yi kyawo. Amma ban ga uwa ciki ba, ban ga uba ba. Mu ba mu miƙa ɗiyanmu ga wanda ba mu san gidansu ba."

Yara uku kacal aka yi wa allura ran nan, su ma 'ya'yan malamin firamare ne. Ƙanƙara ta narke, Ummulkhairi ta koma Bodinga ranta a jagule, ta kai ƙara wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar babanta. Gwaggo ta yi dariya har ta ajiye rariyar da take tankaɗe.

"Abdullahi nawa aka da su tsakanin nan da Dingyadi? Zamna nan, ɗiyata, in gaya maki ko ke wa ta."

Kwana uku, kullum bayan la'asar, Gwaggo na jero mata sunaye da garuruwa, tana maimaitawa kamar mai hadda. In ta tsallake kaka ɗaya, a ce ta koma farko.

Mako na zagayowa ta sake hawa akori-kura. Wannan karon sai da ta durƙusa ta gaida Inna Tani, ta tambayi gida da iyali da ruwan bana, sannan ta ce, "Inna, ni ce Ummulkhairi, ɗiyar Audu Dogo na Bodinga, jikar Mainasara mai haƙar rijiya, wanda ya taso daga Danchadi."

Wata mata daga baya ta ce, "Mainasara? Ai shi yag gina rijiyar bayan masallaci!" Aka fara gyaɗa kai.

Ummulkhairi ta ci gaba. "Uwata Hawwa'u, ɗiyar Yagana, wadda aka auro daga Barno da zanenta a fuska."

"Tsaya nan!" in ji Inna Tani, ta tafa hannu. Ita Bafillata ce, kuma tun kaka da kakanni akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa. "Jama'a, ashe baiwata anka aiko mani! Shi na ta zo tana yi mana Turanci!"

Gwaggo ba ta koya mata amsar wannan ba, amma bakinta ya buɗe da kansa. "Inna, mu dai a Barno mun san Bafillace da bin bayan shanunmu. Miƙo hannun jikanki, uwargijiyarki tana jira."

Mata suka kwashe da dariya, har da masu buɗa. Inna Tani ta share hawaye da bakin zane, ta jawo jikanta Ummaru da kanta ta ɗora shi a cinya, ta buɗe masa damtse.

"To, yanzu ke ma ki ji ko ni wa ta," in ji ta.

Ummulkhairi ta dubi akwatin ƙanƙara, ta dubi rana. "Ki faɗa ina aiki, Inna. Kunnena na wurinki."

Haka aka yi. Tsohuwa na riƙe yara ɗaya bayan ɗaya, tana jero kakanninta da sunayen rugagen da suka zauna, har da sunan wani bijimi da ya taɓa korar kura. Yaro ya tsala ihu, ta jijjiga shi, ta ɗora daga inda ta tsaya. Maganin allura ya ƙare tana kan kakanta na shida, ba ta ko taɓa dangin uwa ba.

Da direba ya danna ham, Inna Tani ta cika akwatin da babu komai a ciki da ƙullin fura da ɗan man shanu, ta ce a kai wa Asabe, wadda ta ji ita ta koya wa Ummulkhairi asalinta, a kuma gaya mata ta iya tarbiyyar bayi.